Hirar Tsoffin Sulalla: Haruffan da ke ruɗa sabon shiga

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Kaduna. Ni ce Zainab, ga Nura, ga kuma Kawu Isa da ya zo mana da gwangwaninsa na tsoffin kuɗi. Kawu, barka da zuwa.

Kawu Isa: Barka kadai 'yata. Nura, me ka riƙo a wayar nan kake ta ɗaure fuska?

Nura: Kawu, tallar wani kwabo ce a intanet. An rubuta BWA, 1d, 1936 KN, Cu-Ni, VF. Shekarar kaɗai na gane.

Kawu Isa: To miƙo hannunka. Ga irinsa nan, mai huda a tsakiya. Da shi za mu karanta, don haddar haruffa ba tare da kuɗin a tafin hannu ba wahala ce kawai. BWA na nufin Afirka ta Yamma ta Ingila. Mu da Gana da Saliyo da Gambiya kuɗi ɗaya muka yi ta kashewa, ƙarƙashin hukumar da aka kafa a 1912. Ƙaramin d kuma kwabo ne, daga sunan wani tsohon kuɗin Rumawa. A lokacin, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya.

Zainab: Wato in na ga 3d toro ke nan, 6d kuma sisi?

Kawu Isa: Kin gama. In kin ga ɗaya bisa goma na d, anini ne. Aninin farko, na 1907, da alminiyam aka buga shi. Juya kwabon, Nura. Me ka gani?

Nura: Tauraro mai tsini shida. A ɗaya fuskar kuma kambi da rubutun Larabci.

Kawu Isa: Fuskar da ke da sunan sarki ita ce gaba, a talla za ka ga Obv. Ta tauraron ita ce baya, Rev. Yanzu sa madubin nan mai ƙara girma, ka nemi wasu 'yan mitsi-mitsin haruffa biyu.

Nura: Na gan su! K da N.

Kawu Isa: Tambarin maƙerar da ta buga shi ke nan, kamfanin King's Norton a Birmingham. H na Heaton ne, shi ma a garin. SA daga Pretoria. In babu komai, yawanci maƙerar gwamnatin Ingila ce. Ku riƙe wannan da kyau, domin kwabo biyu na shekara ɗaya farashinsu kan bambanta saboda harafin nan kaɗai, gwargwadon yawan da kowace maƙera ta buga.

Zainab: Kawu, na ji ana cewa na 1936 tsada gare shi, saboda sarkin bai daɗe ba.

Kawu Isa: Nan ne ake yanka sababbin shiga. Gaskiya ne Sarkin Ingila Edward na Takwas ya sauka a Disambar 1936, ko shekara bai cika ba, kuma kwabonmu na ɗauke da sunansa. Amma an buga shi da yawan gaske. Tarihinsa abin so ne, sai dai kada wani ya rantse miki a Kasuwar Barci cewa kuɗin fili ne.

Nura: Saura Cu-Ni da VF.

Kawu Isa: Cu-Ni haɗin jan ƙarfe ne da nikel. Fari ne, amma ba azurfa ba ne. Azurfa Ag ake rubuta ta. Sulen 1913 azurfa ce, daga 1920 aka fara komawa tagulla. Shi kuwa VF, mataki ne na lafiyar kuɗin, kuma nan ne kuɗin mutum ke tafiya. Daga ƙasa akwai G, sai VG, sai F, sai VF, sai XF wanda 'yan Ingila ke rubutawa EF, sai AU, sai UNC, wanda bai taɓa shiga kasuwa ba.

Zainab: G ɗin ba "mai kyau" yake nufi ba?

Kawu Isa: A Turanci haka ne, amma a wurin masu tarawa kuɗi ne da ya goge sosai, da ƙyar ake karanta shi. VF kuwa ya sha hannu, amma zanensa na nan raɗau. Amurkawa sun ƙara lamba daga 1 zuwa 70, tsarin da William Sheldon ya fito da shi a 1949. In ka ga MS-65, sabo ne fil.

Nura: To ni da zan samu G, sai in sa toka da lemon tsami in goge shi ya yi ƙyalli.

Kawu Isa: Kul! Ina roƙonku, masu sauraro, kada ku yi. Duhun da shekaru suka ɗora masa shi masana ke nema. Da ka goge, ka karce fuskar, darajar ta faɗi, kuma ba ta dawowa. Ko riƙewa ma ta gefe ake yi.

Zainab: Kakata tana da wata babbar azurfa mai hoton mace, an rubuta 1780. Ita fa?

Kawu Isa: Dalar Mariya Tariza ce ta Ostiriya, wadda fatake suka yi ta shigowa da ita. A 1780 matar ta rasu, aka ci gaba da bugawa da wannan shekarar har zamaninmu. Saboda haka shekarar ba ta nuna tsufanta. Azurfarta dai ta gaske ce in ba jabu ba, ki kawo mu auna nauyinta.

Nura: Akwai kuma KM da lamba a ƙarshen tallar.

Kawu Isa: Lambar kundi ce, daga sunayen Krause da Mishler da suka tsara shi. Da ita za ka binciki kuɗin ka tabbatar mai talla bai yi maka ƙari ba. Gwada da sulen 1959, ko kwabo 25 na 1973 mai dalar gyaɗa, tunda su ba sa wuyar samu a gidajenmu.

Zainab: Mako mai zuwa kuɗin 1973 ɗin za mu baje, shekarar da naira ta maye gurbin fam. Kawu, mun gode.

Kawu Isa: Madalla. Nura, dawo mini da kwabona kafin ka tashi.