Me Ya Sa Mabiya Addinin Jain Ba Sa Cin Albasa?

Masu kallo, wannan mutumin da kuke gani cikin fararen kaya, ya ɗaura ƙyalle a baki, yana share wuri da tsintsiya mai laushi kafin ya zauna, mai zuhudu ne na addinin Jain a ƙasar Indiya. Masu ganin irin wannan bidiyo sukan yi tambaya guda: idan gudun kisa ne ya hana su cin nama, me ya raba su da albasa, tafarnuwa da dankali, alhali suna cin shinkafa da alkama?

Sunan aƙidar ahimsa, wato kame kai daga cutar da duk wani mai rai. Mabiya Hindu da Buddha ma suna riƙe da ita, Mahatma Gandhi kuma ya dogara da ita wajen gwagwarmaya da Turawan Ingila, amma babu waɗanda suka kai ta maƙura kamar mabiya Mahavira, babban malamin addinin Jain, waɗanda ƙidayar jama'ar Indiya ta 2011 ta nuna sun haura miliyan 4.

A nan ne ake yawan kuskure. Su ba su taɓa cewa tsiro ba shi da rai ba. Sun jera halittu ne hawa-hawa, gwargwadon hanyoyin da kowace ke sanin abin da ke kewaye da ita. Tsiro yana da hanya ɗaya, wato taɓi. Tsutsa tana da biyu, tururuwa uku, ƙudan zuma huɗu, dabba da mutum kuma biyar. Tunda ba a rayuwa sai da ci, sai suka taƙaita abincinsu a hawa na ƙasa, kuma a can ɗin ma suna neman inda ɓarna ta fi ƙaranci.

Ku dubi hannun manomin nan. Idan ya tsinki ɗan itace, bishiya tana nan da ranta, hatsi kuwa ana girbe shi ne bayan ya bushe. Amma idan ya tuge albasa, ya kashe tsiron ɗungurungum, ya kuma hallaka ƙananan halittun da ke cikin ƙasar. Bugu da ƙari, sun yi imani cewa saiwa guda tana ɗauke da rayuka marasa iyaka. A ganina, ko mutum bai yarda da wannan lissafi ba, ya kamata ya gane cewa tsari ne mai daidaito, ba camfi ne kara zube ba.

Ƙyallen bakin da tsintsiyar na masu zuhudu ne. Magidanci, wanda yake kasuwanci da girki, babban abin da aka haramta masa shi ne kisa da gangan. Masu zuhudun kuwa, da zarar damina ta sauka, sukan zauna wuri ɗaya har wata 4, domin a lokacin ƙwari da tsirrai sun cika hanya.