Daga Ramin Kolwezi Zuwa Aljihunka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamaina da ke zaune a gaba, ɗalibai maza da mata, barkanmu da yamma.

Kafin mu shiga magana, kowa ya ɗaga wayarsa sama. Yawwa. Na ga har da masu bibbiyu. To a ajiye. Abin nan da kuka ɗaga, akwai kuza a cikinsa, da ita ake liƙe 'yan wayoyin ciki. Akwai zinariya 'yar mitsitsiya. Akwai tantalam, akwai tangistin wanda ke sa wayar karkarwa idan an kira ka, sannan a cikin batir akwai kobalt. Sunan kamfanin da ya ƙera wayar yana rubuce a bayanta. Sunan wanda ya shiga rami ya haƙo waɗannan ma'adanai ba ya rubuce a ko'ina, kuma maganarsa na zo yi.

Kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin da ake haƙowa a duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, galibi daga kudancin ƙasar, wajen garin Kolwezi. Manyan kamfanoni masu injuna ne ke haƙo mafi yawa. Amma a gefensu akwai talakawa masu haƙa da guduma da shebur, suna shiga ramin da ba a tokare shi da komai ba, fitilar tocila ɗaure a goshi. Mata da yara su ke wanke dutsen a rafi su zuba a buhu. A watan Yunin 2019 wani sashe na mahaƙar Kamoto ya rufta a kan irin waɗannan mutane, aƙalla 43 suka rasu. A Janairun 2016 kuma Amnesty International tare da wata ƙungiyar Kwango mai suna Afrewatch sun fitar da rahoton da ya samu yara 'yan shekara bakwai a wannan aiki. Suka bi sawun buhun daga rami zuwa wurin masu saye, zuwa kamfanin Congo Dongfang, reshen Huayou Cobalt na ƙasar Sin, zuwa masu yin batir, har ƙofar irin su Apple da Samsung da Sony. Da aka tambayi manyan, da yawansu amsarsu ita ce ba su iya tabbatar da inda kobalt ɗinsu ya fito.

Kada ku yi saurin cewa ƙarya suke. Wanda ya san kasuwar Dawanau zai gane. Manomi ya kai kwano goma kasuwar ƙauye, ɗan kasuwa ya haɗa da na mutum hamsin ya cika buhu, dillali ya tara buhu ɗari ya loda mota, aka juye a sito. Ka zo ka ɗebi gero a tafin hannunka, wace ƙwayar ce ta gonar Malam wane? Na ma'adani ya fi haka wuya, domin narka shi ake yi. Da zarar ya shiga tukunyar matata, na ramin da yaro ya mutu da na mahaƙa mai lasisi sun zama ruwa ɗaya. Sai dai a nan ne kuma dabarar take. Ramuka dubbai ne, masana'antu dubbai ne, amma matatun da ke tsakiya 'yan ɗaruruwa ne kacal. Duk mai son sani da gaske, a bakin matata zai tsaya ya ce a nuna masa daga hannun wa aka saya. Saboda haka rashin sanin nan, a ganina, rashin tambaya ne. Wanda ke iya auna kaurin gilashin waya har ƙasa da silin gashi ba zai ce mini bin sawun buhu ya gagare shi ba.

An yi dokoki. A 2010 Amurka ta zartar da dokar Dodd-Frank, sashe na 1502 ya wajabta wa kamfanonin da ke kasuwar hannun jarinta su bincika ko kuza da tantalam da tangistin da zinariyarsu na ciyar da yaƙin gabashin Kwango. Tarayyar Turai ta yi tata, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2021. Ku lura, kobalt ba ya cikin waɗannan huɗun.

Abin da ya biyo bayan dokar Amurka shi nake so ku riƙe. A Satumban 2010 shugaban Kwango na lokacin, Joseph Kabila, ya hana haƙar ma'adani a lardunan gabashin ƙasar, wato Kibu ta Arewa da Kibu ta Kudu da Maniyema, har zuwa Maris 2011. Masu saye da dama kuma suka ga hanya mafi sauƙi ta wanke hannu ita ce su daina sayen na yankin baki ɗaya. Takardar kamfani ta fito fes. Mai haƙa da iyalinsa suka kwana da yunwa, wasu suka koma ramin zinariya, wadda ta fi sauƙin fasa-ƙwauri. Mai bindiga bai ajiye bindigarsa ba. An jefar da talaka ne aka kira abin tsabta.

Sai aka kawo tsarin ɗaura wa kowane buhu lamba tun daga bakin rami, wanda ake kira ITSCI. Tunani ne mai kyau. Amma lamba hannun mutum ke ɗaura ta, mutumin kuma albashinsa bai taka kara ya karya ba, ga mai bindiga tsaye a kansa. A 2022 ƙungiyar sa ido ta Global Witness ta wallafa binciken da ya ce ana ɗaura lambobin a kan ma'adanin da ya fito daga wuraren da ba a tantance ba. A Afrilun 2024 'yan tawayen M23 suka kama Rubaya da ke Kibu ta Arewa, ɗaya daga manyan mahaƙun koltan na duniya, wanda daga shi ake samun tantalam. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa harajin da suke karɓa a can ya kai dala 800,000 a wata, kayan kuma na tsallakawa Ruwanda a gauraya shi da na can.

Kotu fa? A Disamban 2019 aka shigar da ƙara a Washintan a madadin wasu iyalan Kwango da 'ya'yansu suka mutu ko suka nakasa a rami, ana ƙarar Apple da Google da Dell da Microsoft da Tesla. An kori ƙarar, kuma a Maris 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar, bisa hujjar cewa sayen kaya a kasuwa bai mai da kai abokin tarayyar mai sayarwa ba. A shari'arsu ke nan. A unguwarmu, wanda ya sayi akuya da tsakar dare a rabin kuɗinta bai tambayi mai ita ba, mun san sunan da ake kiransa.

Wata ɗaliba ta taɓa tambayata ko ta jefar da wayarta. Na ce a'a, 'yata, riƙe abarki, ki ma daɗe da ita, in batir ya mutu ki kai wa mai gyara ya sauya. Mai haƙa a Kolwezi ba ya roƙon a daina saye. Roƙonsa a gyara masa sikeli, domin mai saye ne ke auna nauyi, shi ne kuma ke faɗin yawan kobalt ɗin da ke cikin dutsen da na'urarsa, mai kaya ba shi da ta cewa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yana so a tokare masa rami, a ba shi fili na halak, a biya shi abin da zai isa ɗansa ya zauna a aji. Wannan duka kuɗi ne, kuma ya fi kuɗin ɗauko mai bincike ya kwana biyu a otal ya cike fom. Shi ya sa kamfanoni suka fi son fom ɗin.

Kada kuma mu ɗauka labarin nesa ne. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, domin a tsakar gida ake niƙa dutsen zinariya, inda yara ke rarrafe. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta shiga jinyarsu. Zinariyar nan wani ya saye ta, ta bi hannu zuwa hannu ta fita, ba wanda ya tambayi daga wane gida. Yau ga litiyam ana haƙa a Nasarawa, shi ma batir zai tafi, kuma an riga an ga yara a bakin ramukan. Wasunku ne za su zama jami'an da ke sa hannu a takardar motar da ta ɗauko shi, wasunku ne za su riƙe sikelin.

Shugaban taro yana nuna mini agogo. A kawo tambayoyi kafin a kira magariba, a fara da ɓangaren mata.