Sharhi: Na'ura Ta Rubuta, To Wa Zai Duba?

Jama'a masu sauraro, wata magana ta yi ta yawo a garin Kaduna, daga majalisun Tudun Wada har zuwa zaurukan WhatsApp na iyayen ɗalibai, wai tura yaro ya koyi rubuta manhajar kwamfuta a yanzu asarar kuɗi ce, domin ƙirƙirarriyar basira ta riga ta kashe sana'ar. Abin takaici, da yawa daga masu yaɗa wannan zance ba su taɓa zama sun ga yadda ake aikin ba, sun dai ji an ce ChatGPT, wanda kamfanin OpenAI ya fitar a watan Nuwamban 2022, yana rubuta manhaja cikin daƙiƙoƙi, sai suka yi wa sana'ar jana'iza tun tana numfashi.

Gaskiya ne yana rubutawa, haka ma GitHub Copilot, wani mataimakin rubuta manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da ya riga shi fitowa. To amma wa zai duba abin da ya rubuta? A ce wani matashi a Barnawa ya nemi na'urar ta haɗa masa manhajar karɓar kuɗin makaranta. Za ta zubo masa layuka masu kyan gani, har ya gwada ya ga komai yana tafiya daidai. Sai ranar da sabis ya yanke a tsakiyar biya, aka cire wa uban yara kuɗi sau biyu, makaranta kuma ta ce ko sisi bai shigo ba. Na'urar ba ta yi tanadin wannan ba saboda ba a gaya mata ba, wanda bai san aikin ba kuwa ba zai san ya kamata ya gaya mata ba. Wani lokacin har sunan kayan aikin da babu shi a duniya take ƙirƙirowa, ta rubuta shi da cikakken ƙarfin gwiwa. Wa zai gano? Sai wanda ya iya karanta rubutun, ya bi shi layi bayan layi.

Masu cewa nan da ɗan lokaci na'urar za ta riƙa duba kanta da kanta, sai mu tambaye su: ranar da kuɗin jama'a suka salwanta, na'urar za a kai kotu?

Inda hatsarin yake a zahiri shi ne wajen 'yan koyo, kuma a nan ne ya kamata hankalinmu ya tashi. Ɗan koyon ɗinki da kalmasa da sa maɓalli yake farawa kafin a yarda a ba shi shadda ya yanka. Irin waɗannan ƙananan ayyuka na sabon shiga su ne na'urar ta fi iyawa, su ne kuma kamfanoni za su fara daina biyan mutum a kansu. Matsin ma ya girmi ChatGPT: tun a 2019 kamfanin Andela, mai samar wa kamfanoni marubuta manhaja, ya sallami ɗaruruwan ƙananan ma'aikatansa a Najeriya da Kenya da Uganda, ya koma neman ƙwararru. Idan ba a ɗauki ɗan koyo yau ba, daga ina za a samo ƙwararren da zai duba aikin na'ura nan da shekaru goma?

Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da burin horar da mutum miliyan 3 kan fasaha, kuma niyyar ba ta da laifi. Sai dai horon 'yan watanni da takardar shaida ba sa samar da mai duba aiki. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Jihar Kaduna, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wajibi ne su riƙa ɗora wa ɗalibi manhajar da na'ura ta rubuta, su ce ya nemo kuskuren da ke cikinta, ya bayyana dalilinsa da baki a gaban malami. Ita kuma gwamnatin jiha, duk kwangilar manhaja da za ta bayar, ta gindaya wa ɗan kwangila sharaɗin ɗaukar 'yan koyo daga cikin jihar, a kuma biya su albashi.