Amsoshin Tambayoyinku: Shekarun rumbunan Sami a jikin itace

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Takardar farko ta yau ta fito daga wani malamin makarantar sakandare a Zariya, wanda ya ce ya ji labarin cewa masana suna faɗin shekarar da aka sare itatuwan da aka gina tsofaffin ɗakunan al'ummar Sami da su, alhali babu wanda ya rubuta ranar ginin. Yana tambaya ko wannan ilimi ne tabbatacce, ko kuwa kintace ne kawai.

To malam, ilimi ne, kuma yana cikin hanyoyin ƙididdige shekarun kayan tarihi mafi daidaito da ake da su. Su dai Sami su ne 'yan asalin ƙurewar arewacin Norwe da Suwidin da Finlan da yankin Kola na Rasha, kuma an san su da kamun kifi da farauta da kiwon rendiya, wata irin barewa mai ƙaho mai rassa. Suna gini da gumaguman fain, itacen da ganyensa yake kamar allura. A garin Arvidsjaur na Suwidin akwai wata unguwa mai bukkoki da rumbunan katako kusan 80, inda iyalan Sami suke sauka idan sun shigo gari lokutan bukukuwan coci. Akwai kuma ƙaramin rumbu da suke kira njalla, wanda ake ɗorawa a kan dogon ginshiƙi guda domin namun daji kada su kai ga nama da busasshen kifin da aka ajiye. Cocin Pielpajärvi da ke kusa da Inari a Finlan an san an gina shi tsakanin 1752 da 1760, domin ma'aikatan coci masu ajiye takardu ne. Amma rumbun makiyayi ba shi da takarda, sai abin da itacensa ya faɗa.

Idan aka yanke gungume aka dubi fuskarsa, za a ga zobba a jere daga tsakiya zuwa ɓawo. A can arewa itace ba ya girma sai cikin 'yan makonnin ɗumi, wajen watan Yuni zuwa Agusta. A farkon wannan lokaci yana yin katako mai haske da laushi, a ƙarshensa kuma ya yi wani siririn layi mai duhu da tauri, sannan sanyi ya tsayar da shi cak har baɗi. Haske ɗaya da duhu ɗaya su ne shekara ɗaya. Shekarar da aka samu ɗumi zoben yakan yi faɗi, shekarar sanyi kuwa yakan tsuke, wani lokaci bai kai milimita guda ba, sai an sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma kafin a auna shi.

Ƙirga zobba kaɗai ba ya ba da shekarar sara, domin abin da yake nunawa shi ne tsawon rayuwar itacen. Sirrin aikin yana cikin gwadawa. Duk itatuwan yanki guda sun sha sanyi ɗaya da ɗumi ɗaya, don haka jerin faɗi da tsukewar zobbansu iri ɗaya ne. Masana sukan fara da itace mai rai wanda aka san shekarar zobensa na ƙarshe, su daidaita tsofaffin zobbansa da na gungumen wani gini, su daidaita na ginin da na wanda ya girme shi, haka har zuwa gumaguman da suka nutse a ƙasan tafkuna masu sanyi, inda ba su ruɓa. Ta wannan hanya aka haɗa jerin zobban fain na arewacin Finlan da na yankin tafkin Torneträsk a Suwidin, kuma kowannensu ya haura shekara 7,000 ba tare da giɓi ba. A cikin jerin akwai shekaru masu tambari, irin su 1601, wadda zobenta ya fito a raunane saboda sanyin da ya biyo bayan aman wutar dutsen Huaynaputina na ƙasar Peru a 1600. Wanda ya kafa wannan fanni shi ne Andrew Douglass, masanin taurari a jihar Arizona ta Amurka, wanda a 1929 ya samu guntun itacen da ya cike masa giɓin jerinsa, ya kuma iya faɗin shekarun tsofaffin gidajen 'yan asalin wancan yanki.

Takarda ta biyu daga wani kafinta ce a Maraɗi. Yana so ya san ko ba a lalata ginin wajen ɗaukar samfur, sannan idan zoben ƙarshe ya nuna wata shekara, ko ita ce shekarar ginin.

Ba a sarar komai. Akwai wani dogon abin huda mai rami a cikinsa da ake murzawa a jikin gungume, ya fito da siririn katako kamar tsinken tsire, a goge shi da samfefa har zobban su fito, ramin kuma a toshe shi. Sashe na biyu na tambayarka, malam kafinta, shi ne inda mutane da yawa suke kuskure. Zoben ƙarshe yana nuna shekarar da itacen ya daina girma, kuma ko wannan ma sai in an samu zoben da yake manne da ɓawo. Idan magini ya fere gungumen da gatari, ko ruwa da iska sun cinye bayansa, abin da za a iya cewa kawai shi ne an sare shi bayan shekara kaza. Ban da haka, a sanyin arewa fain yakan mutu ya ci gaba da tsayuwa busasshe shekaru masu yawa, kuma magina suna son irin wannan itace saboda ƙarkonsa. Sannan ginin gumagumai ana iya warware shi a ɗauke shi zuwa wani wuri, ko a sa gumaguman tsohon rumbu a sabo, kamar yadda kai ma ka san ba a jefar da katako mai kyau. Shi ya sa masani mai hankali ba ya yarda da gungume ɗaya. Yakan ɗauki samfur daga gumagumai da yawa, daga tushe har rufi, kuma sai ya ga yawancinsu sun ƙare a shekara ɗaya ko biyu kafin ya ce ga lokacin da aka yi ginin.

A ganinmu, shaidar da ta fi rumbunan ma ban sha'awa tana jikin itatuwa masu rai. A da, idan ruwan itace ya taso a farkon lokacin ɗumi, Sami sukan ɓare ɓawon fain su ci na cikinsa mai taushi, amma sukan bar wani sashe ba su taɓa ba domin itacen ya rayu. Itacen yakan ci gaba da yin zobba a gefen tabon, don haka ana iya faɗin ainihin shekarar da aka ɓare shi. Masu bincike a Suwidin sun ƙididdige ɗaruruwan irin waɗannan tabo, sun kuma ga al'adar ta ɗore ƙarnuka kafin ta gushe a ƙarshen ƙarni na 19. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da ake yawan tambayarsu hujjar daɗewarsu a ƙasar kakanninsu, har a gaban kotu.

Takarda ta ƙarshe daga wata ɗalibar zanen gine-gine ce a Kano, wadda take tambaya ko za a iya yin haka da azarar tsofaffin soraye da masallatanmu. Abin takaici, malama, ba zai yiwu ba. Azara daga giginya ake tsaga ta, ita kuwa giginya dangin dabino da goruba ce, ba ta ƙara sabon katako a kewayen jikinta kowace shekara, don haka ba ta da zobe ko ɗaya da za a ƙirga. Abin da za a iya yi wa azara shi ne gwajin sinadarin kabon, irin wanda ake yi wa tsofaffin kukoki, sai dai shi wannan gwaji tazarar shekaru yake bayarwa, ba shekara guda takamaimai ba.