Bayan Hausa da Turanci, Wane Harshe Ya Kamata Bazazzagi Ya Ƙara?

Assalamu alaikum, masu kallo. Duk wanda ya tsaya a Kwangila da hantsi ya kasa kunne zai ji Hausa da Turancin buroka da Yarabanci da harshen Ibo daga bakin direbobi da 'yan kasuwa, idan kuma ya ƙarasa Samaru ya tarar da ɗalibai suna muhawara da Turancin boko. Yawancin matasan Zariya sun riga sun mallaki Hausa da Turanci, saboda haka abin da ke gabansu shi ne zaɓen harshe na uku da ya cancanci a kashe masa lokaci da kuɗi.

Mutane da yawa sukan fara da duba yawan masu magana da harshe a duniya, ko su lissafo harsuna 6 na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato Larabci, Sinanci, Turanci, Faransanci, Rashanci da Sifaniyanci. Wannan lissafi ba ya tsinana wa mazaunin Tudun Wada abin kirki, domin ɗaruruwan miliyoyin mutane suna jin Sifaniyanci, amma sai mutum ya shekara 10 a Zariya bai gamu da wanda zai gaisa da shi a cikinsa ba. Abin da ya kamata mutum ya auna shi ne mutanen da zai riƙa hulɗa da su, da kuma ko hulɗar ta baki ce ko ta takarda.

Ku dubi maƙwabtanmu a taswira. Nijar da Benin da Cadi da Kamaru ne suka kewaye Nijeriya, kuma a dukkansu ana gudanar da aikin ofis da Faransanci. Falken da ya tashi daga Zariya zuwa Maraɗi ko Damagaram ba ya bukatar komai a kasuwa sai Hausarsa. Abin da zai koya kawai shi ne cewa dala a can sefa 5 ce, don haka idan an ce masa dala ashirin, sefa 100 ake nufi. Amma ranar da kayansa suka sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, zai ga takardar fito da rasit da yarjejeniyar dako duk da Faransanci aka rubuta su, sai ya koma hannun tafinta, ya biya la'ada, ya kuma sa hannu a kan abin da bai iya karantawa ba. Ko a Nijar, inda hukuma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, an bar Faransanci a matsayin harshen aiki.

A ganina, ga wanda ya riga ya iya Turanci, Faransanci ne mafi araha. Makarantar horar da jami'an diflomasiyya ta Amurka ta ƙiyasta cewa ɗalibanta kan bukaci awa 600 zuwa 750 a aji kafin su iya aiki da Faransanci, alhali Larabci da Sinanci kowanne yana cin kusan awa 2,200. An yi wannan ƙiyasi ne a kan waɗanda Turanci ne harshensu na gado, amma dai ya nuna girman tazarar. Wahalar Faransanci tana wajen furuci, saboda ana rubuta haruffa da yawa da ba a faɗarsu. Wurin koyo kuma bai yi nisa ba: akwai sashen Faransanci a Jami'ar Ahmadu Bello, akwai cibiyar Alliance Française a Kano inda ake shirya wa jarrabawar DELF ta shaidar iya Faransanci, ga kuma ƙauyen koyon Faransanci da gwamnati ta kafa a Badagiri a 1991, ko da yake shi yana da nisa.

Lissafin Amurkawa game da Larabci bai shafe mu gaba ɗaya ba, domin Bazazzagi ya riga ya ci rabin tafiyar. Ya san baƙi da wasali tun daga makarantar allo, sunayen ranakun mako daga Lahadi zuwa Asabar duk aro ne daga Larabci, haka ma alƙalami da littafi da duniya, kuma har yau ana karanta nahawu da sarfu a zaurukan malamai a cikin birni. Sai dai akwai abin da ke ba mutane mamaki. Almajirin da ya ƙoshi da nahawu yakan sauka a Alƙahira ya ce wa direban tasi "kaifa haluka", direban ya amsa da fara'a, sa'an nan ya zubo masa magana da karin Masar, inda gaisuwar ita ce "izzayyak", raƙumi kuma "gamal" ne maimakon "jamal". Fusaha, wato daidaitaccen Larabci, ita ce harshen karatu a Azhar da Madina, ita ce ta littafi da labarai da huɗuba. Ciniki a Jidda ko Dubai kuwa yana bukatar karin wurin. Ya kamata mai niyya ya san wanne yake nema kafin ya biya kuɗin makaranta.

Sinanci ne yake tashe yanzu, kuma a nan nake ba da shawarar a yi hattara. Karin sautinsa guda 4 bai kamata ya tsorata Bahaushe ba, tunda da kari muke bambanta kuka ta miya da kukan jariri. Rubutun ne jan aiki, domin sai mutum ya haddace alamomi kusan 3,000 kafin ya karanta jarida, kuma cibiyoyin Confucius da ke koyar da shi suna Jami'ar Legas da Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka, nesa da mu. Wanda yake zirga-zirgar birnin Gwangzu na ƙasar Sin duk shekara, ko yake aiki da kamfanin gine-gine na 'yan Sin, zai ci ribarsa. Wanda zai yi odar kayan waya sau ɗaya kuwa, manhajar fassara da kalkuleta sun ishe shi.

Akwai kuma harshen da ba a ba da takardar shaida a kansa a kasuwa, don haka matasa suke raina shi. Dillalin da ke lodin tumatir da tattasai zuwa Mile 12 a Legas ko Bodija a Badun, idan yana jin Yarabanci, zai fahimci abin da masu saye ke faɗa wa junansu game da farashi a gabansa, haka ma mai kai hatsi Anaca idan yana jin harshen Ibo. Malaman waɗannan harsuna suna nan a Sabon Gari, wasunsu a nan aka haifi kakanninsu, kuma ba sa karɓar kuɗin zango. Mai son farawa sai ya je shagon maƙwabcinsa gobe da safe ya ce "e kaaro", wato ina kwana da Yarabanci, ya roƙe shi ya koya masa ƙirga daga 1 zuwa 20 da sunayen kayan da yake sayarwa.