Kod ɗin da ke aiki da rikod ɗaya, ya faɗi da 200

Assalamu alaikum. 'Yan uwa, na gode da kuka zauna har zuwa yanzu.

Kusan kowa a cikinku ya taɓa ganin abin da zan faɗa. A Salesforce, manhajar kula da bayanan abokan ciniki, ka rubuta kod da harshenta na Apex, ka ɗaura shi a Flow, wato tsarinta na gudanar da ayyuka mataki-mataki da kansu, ka gwada da rikod ɗaya, ya yi aiki lafiya lau. Washegari wani ya loda bayanan abokan ciniki dubu biyu, komai ya tsaya cak. Nan take sai a ɗora wa manhajar laifi. Ni ban yarda da haka ba. Galibi mu ne muka rubuta kod ɗin kamar ɗaya-ɗaya za a riƙa kawo masa rikod, alhali Salesforce tsibi-tsibi yake turo su, 200 a kowane tsibi.

Shi ya sa hanyar kod da aka yi wa alamar InvocableMethod, alamar da ke ba Flow damar kiran ta, take karɓar jeri, wato List. Flow yana tara buƙatun duk rikod ɗin da suka iso wannan mataki, ya miƙa su gaba ɗaya. Ga inda ake tuntuɓe: mutum ya ɗauki na farko a jerin, ya sarrafa shi, ya mayar da sakamako guda. Da rikod ɗaya babu mai lura. Da 200 kuwa, Flow zai ƙi, ya ce adadin sakamakon bai yi daidai da adadin buƙatun ba. Idan 200 suka shigo, 200 za su fita, kuma a bisa tsarin da suka shigo.

Ku riƙe maganar tsarin nan da kyau, don ita ta fi ba ni tsoro. Idan adadin ya cika amma jerin ya hargitse, babu saƙon kuskuren da zai fito. Sakamakon wannan mutumin zai faɗa kan rikod ɗin wancan, a tura wa wani lissafin da ba nasa ba, ba a gane ba sai an kawo ƙorafi.

Sai batun iyaka. A mu'amala guda ta kai-tsaye, wato zagayen aiki ɗaya daga farawa zuwa gamawa, tambayoyin SOQL (na neman bayanai daga rumbun Salesforce) 100 aka yarda maka, da umarnin rubuta bayanai 150, da daƙiƙa 10 na lokacin sarrafawa. Duk wanda ya sa tambaya a cikin madauki, wato sashen kod da ke maimaituwa kan kowane rikod, zai ga lambar nan 101 a saƙon kuskure da zarar ya haura 100. Kuma iyakar ba taka ba ce kai kaɗai, duk wani Flow ko kod da ya tashi a wannan mu'amalar daga ciki yake ci. Maganin bai da wuya: tattara lambobin shaidar rikod ɗin tukuna, yi tambaya ɗaya, zuba amsar a Map, wato ma'ajin da ake ciro abu da lambarsa, a ƙarshe ka rubuta sau ɗaya. Ma'abota n8n, wata manhajar gudanar da ayyuka da kansu, ku ma ku duba ko kod ɗinku sau ɗaya yake gudana ga duka bayanan, ko ga kowanne daban.

Yanzu gwaji. Don Allah ku daina gwadawa da rikod ɗaya. Ni 201 nake sawa, domin a samu tsibi na biyu. Da yawanmu muna ajiye wata alama tsayayya (static) a cikin kod don hana shi maimaita kansa. Tsibin farko ya ɗaga ta, na biyu ya zo ya tarar an ce an gama, sai a tsallake shi shiru. Ku cusa rikod masu wuyar sha'ani a cikin gwajin: mai gurbin da babu komai, da biyu da ke ƙarƙashin babban rikod ɗaya. Sannan ku buɗe rajistar bin diddigi (debug log), ku kira Limits.getQueries, mai ƙirga tambayoyin da aka yi, kafin madauki da bayansa. In lambar tana hawa tare da yawan rikod, kun gano inda cutar take.

Akwai mai tambaya a baya can, a miƙa masa makirufo.