Rauta ɗaya ba ta isar babban gida

Na kwafo wannan ne daga rikodin ɗin laccar da aka yi wa matasa a wani ƙauye ta wajen Ringim, bayan la'asar.

Salamu alaikum jama'a, na baya kuna ji na ko? To madalla. Kukan da aka fi kawo min shi ne, malam na sayi rauta, na'urar nan mai raba wayifai, na ajiye a zaure, a nan intanet kamar ruwa, amma da ka shiga ɗakin Hajiya ko WhatsApp ba ya buɗewa. Kar ku zagi kamfanin layi, katanga ce. Ginin ƙasa irin namu mai kauri, ga ƙofar ƙarfe ga kwano, kafin siginal ya ratsa zaure da shigifa ya tsallaka tsakar gida ya galabaita.

Maganin shi ne a ƙara na'ura ta biyu a cikin gida, masu sana'ar suna ce mata akses foyin, ko tsohuwar rauta ma ta yi in tana da ramin LAN, wato ramin da ake soka kebul ɗin intanet. Wasu sai su ruga su sayo rifita saboda ba ta buƙatar waya, ni kam ba na ba da shawararta, don ji take ta maimaita, a wajen maimaitawar nan kusan rabin gudun ya tafi, kuma in ka ajiye ta inda siginal ya riga ya mutu to gawa za ta riƙa rabawa. Ku ja waya kawai. Ba wayar hannu ba Malam, na ga ka ɗaga taka, kebul nake nufi, Cat6, in an shiga Kano akwai shi a Beirut Road. Kar ya wuce mita 100, kuma a zura shi cikin fayif a binne saboda rana da ɓeraye.

To ga inda mutane ke faɗuwa, ku nutsu. A cikin kowace rauta akwai wani abu DHCP, shi ne ke raba wa wayoyi lamba, kamar mai rabon taki da littafinsa. In biyu suna rabo a gida ɗaya za ka ga waya ta kama wayifai amma babu abin da ke buɗewa, yau ta yi gobe ta ƙi, har ka fara zargin aljanu. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Ka bar na rauta ta farko, ka kashe na ta biyun, ka sauya mata adireshi, in ta farko 192.168.1.1 ce ita ka ba ta 192.168.1.2, sannan kebul daga LAN zuwa LAN.

Suna da fasuwad ku sa musu iri ɗaya, wayar da kanta za ta koma kan wadda ta fi ƙarfi, kodayake wata wayar akwai taurin kai, sai ka kashe ka kunna. Amma tasha kam, wato inda rauta ke watsa siginal kamar tashar rediyo, a bambanta. Siginal ɗin wayifai akwai mai lamba 2.4 akwai mai 5, a 2.4 tasha 1 da 6 da 11 ne ba sa shiga juna, zaure 1, cikin gida 6, in akwai sashen yaya babba a ba shi 11. Shi 5 ya fi gudu amma katanga ta fi cin sa.

Wancan yaron ya ce ɗakinsu ba soket. Akwai PoE, wuta da intanet su bi kebul ɗaya daga inda solar take, in dai na'urar tana karɓa. An kira salla ko? To sauran tambayoyin sai mun idar.